Wai rifaral ɗin nan ba alfarma ba ce da aka sa wa kwat?

Na Ƙofar Mata:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah yayyenmu da ke aiki a manyan kamfanonin nan na waje ku faɗa min gaskiya komai ɗacinta. Shekara huɗu kenan ina rubuta kod, wato haɗa manhajar kwamfuta, da harsunan Go da Python nake yi, na yi aiki da kamfani biyu ɗaya a Legas ɗaya daga gida. Tun bayan sallar layya na duƙufa ina tura CV, a littafi nake rubutawa, na tura wuri 60 da 'yan kai, wlh ban da imel ɗin nan na mun gode amma mun zaɓi wasu da ke shigowa ƙarfe ukun dare ba abin da na gani, wasu ma ko shi ba su turo ba. Sai ga abokina da muka gama jami'a tare, ba yabon kai ba na san hannuna ya fi nasa, wani ɗan ajinmu da ke Jamus ya saka sunansa ta ciki, kwana tara aka kira shi. Shi ne nake tambaya, rifaral ɗin nan, wato ma'aikacin kamfani ya miƙa sunanka ta ciki, ita ce komai? Wanda ba shi da kowa a ciki ya haƙura ya koma Kwari ya kama rumfa?

Sarkin Musu:
Wa alaikumus salam. Ai ka ba kanka amsa ɗan'uwa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, a Kano haka ne a Kalifoniya ma haka ne. Mu nan mu ce alfarma, mu ce hanya, su kuma sun sa mata kwat sun ce rifaral. Shikenan an rufe zance.

Bakano a Dublin:
Ba a rufe ba Sarki, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki tunda ni na sha cike fom ɗin nan. A wajenmu akwai shafi na ma'aikata kawai, in zan saka mutum sai in shiga in rubuta sunansa da imel ɗinsa, in ɗora CV, in zaɓi gurbin da yake so. Daga nan tambayoyi ne, ta ina ka san shi, shekara nawa, kun taɓa aiki tare hannu da hannu ko labari ka ji, cikin mutanen da ka yi aiki da su a ina za ka ajiye shi. In na tura sai saƙo ya je masa ya ƙarasa nasa ɓangaren. Abin da ya samu kawai shi ne takardarsa ta ɗauki alama, kuma dole wani ɗan Adam mai ido ya buɗe ta cikin 'yan kwanaki. Iyakar ƙarfina kenan wlh. Ba a bari in zauna a intabiyunsa, ba na ganin makin da ya ci, manajan da zai ɗauke shi ma wataƙila ban taɓa ganinsa ba. In ya je ya kasa warware tambayar kod ko ɗan uwa ɗaya uba ɗaya muke gida zai koma.

Ƙanina, abokin naka kiransa aka yi ko ɗaukarsa aka yi?

Na Ƙofar Mata:
Kiransa aka yi Yaya, ya wuce zagaye na farko, na biyu aka ce ya sake gwadawa bayan wata shida.

Bakano a Dublin:
Toh ka gani.

Sarkin Musu:
Me ya gani? Shi ya shiga ɗaki an gan shi, wannan ko soro bai taka ba.

Malamin Lissafi:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, bari in kawo alƙaluma. Laszlo Bock, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen ma'aikata na Google, ya fitar da littafi a 2015 ya yi bayanin wannan. Ya ce shekaru da dama a farkon kamfanin fiye da rabin waɗanda suke ɗauka ta hannun ma'aikatansu suke zuwa. Amma kuma cikin duk waɗanda ma'aikata suka miƙa sunansu, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ake ɗauka. Wato in mutum 100 suka samu wanda ya saka su, 95 ko fiye za su koma gida. Wace irin alfarma ce wannan? Alfarmar da muka sani a nan, in mai girma ya rubuta a bayan katinsa ai takardar kama aiki kawai za ka je karɓa.

Sarkin Musu:
Malam da girmanka, ka kawo rabi ka bar rabi. Shi mutumin ai ya ce takardu sama da miliyan biyu ke shigo musu a shekara, 'yan dubbai suke ɗauka. Ko ka ce dubu goma suka ɗauka, rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Ɗora shi kusa da kashi 5 ɗinka ka ga tazara. Lissafinka ne ba nawa ba.

Malamin Lissafi:
Ka kama ni a nan, tazarar tana nan kuma babba ce. Sai dai ka lura, ba duka tazarar rifaral ce ta haifar ba. Mutumin da injiniya zai yarda ya jingina sunansa da shi, tun asali an riga an tace shi sau ɗaya. Cikin miliyan biyun nan kuwa har da wanda bai taɓa rubuta layin kod ɗaya ba ya ga talla ya danna. Kamar ka kwatanta sakamakon ɗaliban da malami ya zaɓa wa gasa da na makaranta gaba ɗaya ne ka ce motar da ta kai su ce ta sa suka ci.

'Yar Tudun Wada:
Ni dai tambaya ɗaya zan yi wa mai tambaya kafin a yi nisa, don na yi shekara uku a HR, wato sashen ma'aikata, ina tace takardun injiniyoyi kafin in koma harkar data. Ƙanina wuraren nan 60, a wace ƙasa guraben suke?

Na Ƙofar Mata:
Anti fiye da rabi Amurka ne, sauran Ingila da Kanada, 'yan kaɗan Jamus.

'Yar Tudun Wada:
Hmm. Ga ciwon nan ana ta shafa magani a wani wuri. Ka tuna tambayar nan da ke ƙarshen fom, kana da izinin aiki a ƙasar, za ka buƙaci kamfani ya tsaya maka a biza? Yawancin imel ɗin ƙarfe ukun daren nan daga ita yake fitowa. Mutane na cewa wai na'ura ce ke karanta CV ta yar, gsky a inda na yi aiki ba haka ba ne, su Workday da Greenhouse da Lever rumbu ne kawai da ake jera takardu, abin da ke kora kai tsaye shi ne irin waɗannan tambayoyin na e ko a'a. Sauran kuma yawa ne ke binne su, gurbi ɗaya takarda ɗaruruwa, ni kaɗai, ina da gurabe goma sha a hannu, in na samu mutum ashirin masu kyau daga sama sai in tsaya, na ƙasa ba wanda ya ƙi su, ba a kai kansu ba ne kawai.

Amurka kuwa ka cire rai daga nan Kano kai tsaye. Bizar aiki ta H-1B guda 85,000 ake bayarwa a shekara, dubu 20 daga ciki na waɗanda suka yi digiri na biyu a can ne, a watan Maris ake rajista a yi ƙuri'a, aiki sai Oktoba. Wane manaja ne zai jira ka wata bakwai a kan abin da ba tabbas? Ga shi a Satumban 2025 Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabbin masu nema daga waje. Ko shugaban kamfanin ne ya saka sunanka wannan katangar tana nan.

Bakano a Dublin:
Anti ta gama magana. Shi ya sa nake ce wa yara ku dubi Dublin ta ƙasar Ayalan, nan hedikwatar Turai ta Google da Meta take, LinkedIn da Microsoft ma suna da manyan ofisoshi, kuma Ayalan tana da izinin aiki na musamman ga sana'o'in da suke ƙaranci, injiniyan sofwaya na ciki, ba ƙuri'a ba komai. Sai Landan, Amsterdam, Balin. Abokin naka ai Jamus aka saka shi ba Amurka ba, ka ga ba rifaral kaɗai ta raba ku ba.

Kuma lokacin ma ya canza. Ni na shigo lokacin da ake rububin injiniyoyi. Daga Nuwamban 2022 Meta ta sallami 11,000, Janairun 2023 Amazon 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Duk mutanen nan suka dawo kasuwa, kowanne da sunan babban kamfani a CV kuma kowanne yana da abokai goma da za su saka shi. Yanzu layin masu rifaral ɗin ma layi ne.

Uwar Biyu:
Nan gida ma ai ƙofofin raguwa suka yi. Cibiyar injiniyoyin Microsoft da aka buɗe a Legas a 2019, a 2024 suka rufe ta suka bar ta Nairobi. Ofishin Twitter na Accra ko wata ɗaya cikakke bai yi da buɗe ƙofa ba aka sallami kusan kowa a 2022.

Amma ni maganar Sarki nake so in koma, don yau dai na yarda da shi kuma ba na son yarda da shi. Ba sai an yi rashin gaskiya ba kafin tsari ya zama na 'yan gida. Kowa wanda ya sani yake sakawa, wa kuka sani? Wanda kuka yi aji ɗaya, wanda kuke zama majalisa ɗaya, wanda kuke kallon ƙwallo tare. Ni da nake rubuta kod bayan na kwantar da yara ƙarfe goma na dare a wace majalisa za a san ni? Kamfanonin da kansu sun san da wannan, a 2015 Intel ta ninka tukwicin da take ba ma'aikaci har dala 4,000 in wanda ya kawo mace ce ko ɗan tsirarun ƙabilu ko tsohon soja. Da tsarin na kawo kowa da kowa ai ba sai an sa kuɗi ba.

Sarkin Musu:
Allah Ya yi miki albarka Hajiya, a rubuta ranar nan. Ƙari a kai, 'yan Indiya sun shiga tun shekaru talatin da suka wuce, 'yan Legas sun shiga tun zamanin da Andela, kamfanin da ya horar da masu rubuta kod, ta fara a 2014, ba laifinsu ba ne sun riga mu tashi. Yau yaro ɗan unguwar Yaba a Legas zai ɗaga waya ya kira mutum biyar a ciki. Mu a gidan nan mutum nawa ne? Yaya na Dublin da wasu biyu da ba sa magana sai karantawa.

Bakano a Dublin:
Masu karantawar suna da dalili Sarki. Bari in ba ku labari ku yi min alƙalanci. Bara kawuna ya kira ni, ɗansa ya gama karatun kwamfuta ya yi bautar ƙasa, a saka shi. Na ce ya turo min abin da ya taɓa ginawa, ya turo firojek ɗin gama makaranta, na buɗe na ga ba shi ya rubuta ba, har sunan mai shi yana ciki bai goge ba. Na ce masa ya ba ni wata shida in riƙa zama da shi duk Asabar, in ya tsaya da ƙafarsa zan saka shi da hannuna. Sau biyu ya zo ya daina. Sai ga kiran Hajiyarmu, wai an ce mata na samu duniya na manta dangi, danna maɓalli ɗaya ya gagare ni. Wlh ranar ban yi barci ba. Ƙarshe na saka shi don a zauna lafiya, amma wajen tambayar kun taɓa aiki tare na rubuta a'a, ɗan'uwana ne, ban san aikinsa ba. Sati biyu aka turo masa haƙuri. Har yau kawu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, yana ganin ni na ɓata abin.

Sarkin Musu:
Toh ai kai ka ɓata Yaya 😂 ka kai shi bakin kogi ka huda kwalekwalen.

Bakano a Dublin:
Me zan rubuta? In ce mun yi aiki tare shekara biyu?

Malamin Lissafi:
A'a wlh, abin da ka yi shi ne daidai, kuma nan ne rifaral ta rabu da alfarma. Fom ɗin nan shaida ce ake nema daga gare ka, kuma kowa ya san matsayin shaidar zur, tana cikin manyan zunubai. Ku duba Suratul Ƙasas aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ce ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda ƙarfinsa da amanarsa. Me ya ba ta bakin magana? Ta gani da idonta a bakin rijiya, ba dangi ba ne, ba ta san gidansu ba, baƙo ne da ya shigo gari. Alfarma tambayarta ɗan waye, wannan tambayarta me ka ga ya yi. Matsalarmu mun ɗauko amsar tambaya ta farko muna so mu cike ta biyu da ita.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina hwatan kowa lahiya. Ni ina cikin masu karantawa da Sarki ya yi ma habaici. A nan Faransa kalma biyu gare su kuma ba su haɗa su. Wanda kamfani ya tsara, ma'aikaci ya kawo wanda ya sani a yi mishi jarrabawa kamar kowa, kooptasiyon suka ce mishi, har da kuɗin tukwici in an ɗauka. Wanda kuma babba ya tura ɗansa ba jarrabawa, sunanshi fiston, kuma zagi ne, in anka ce da fiston ka shiga ba ka iya ɗaga kai cikin abokan aiki. 'Yan Nijar duk mun san fiston, a Yamai anka raine mu da shi. Ni da na hwara aiki wani ɗan Senegal da munka yi makaranta tare ya saka ni, amma jarrabawa huɗu na yi bayan nan, ta ukku har zufa ta jiƙa min riga.

'Yar Tudun Wada:
Kuma fiston ɗin a wajensu yana iya kai kamfani gaban hukuma. A 2016 Qualcomm ta biya dala miliyan 7.5 ga hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, cikin zargin har da ɗaukar 'yan'uwan jami'an China aiki don a samu shiga. Shi ya sa za ka ga a fom ana tambaya ko kai ko wani naka jami'in gwamnati ne. Abin da mu nan ɗan wane ke taƙama da shi, can ƙarin bincike yake jawo masa.

Sannan Yaya bai faɗi wani abu ba, mu masu tacewa muna gane masu sakawa. Akwai wanda in sunansa ya fito a kan takarda nan take nake ɗaga waya, don sau uku ya kawo mutane duk sun yi kyau. Akwai wanda duk sati sai ya zubo mutum goma da bayani iri ɗaya, mutumin kirki ne mai ƙoƙari, wannan kam takardunsa da na kan titi duk ɗaya a wajena. Da Yaya ya yi ƙarya a kan ɗan kawu, na gaba da zai kawo wanda ya cancanta shi zai biya bashin.

Sabon Shiga:
Afuwan manya, ni tambayata daban. Wani a Telegram ya ce yana aiki a ɗaya daga cikin manyan nan, in tura dubu 80 zai saka ni, ya ce har hoton katin aikinsa zai nuna min. In tura?

Admin:
Kar ka tura ko sisi. Kuma duk wanda ya kawo tallan sayar da rifaral gidan nan waje zai yi ba gargaɗi.

Bakano a Dublin:
Ƙanina riƙe kuɗinka ka sayi data. Na farko mai yiwuwa ba ya aiki a ko'ina. Na biyu ko yana yi, dokar kamfani ta hana, ranar da aka gano shi da kai duka za ku tafi. Na uku me zai rubuta a kanka? Bai san ka ba. Ai ma'aikaci kamfani ne ke biyansa in aka ɗauki wanda ya kawo ya kuma zauna wasu watanni, mai neman kuɗi a hannunka ya riga ya san ba za a ɗauke ka ba ne. In ma irin wannan ta baƙo da baƙo kake so, a manhajar Blind da LinkedIn kyauta mutane ke yi kullum.

Sarkin Musu:
Au ashe ana biyanku, shi ya sa ake ta kare tsarin 😏

Malamin Lissafi:
Wannan ma Bock ya taɓo shi. Google ta ninka tukwicin daga dala 2,000 zuwa 4,000 don mutane su ƙara kawowa, ba abin da ya ƙaru. Da suka bincika sai suka ga abin da ke kashe wa ma'aikata gwiwa shi ne su kawo mutum a yi watsi da shi ba labari, su ji kunyar abokinsu. Sai suka koma kiran wanda aka kawo cikin awa 48 suna kuma sanar da wanda ya kawo shi halin da ake ciki. Ashe kunya ba Bahaushe kaɗai ta dama ba.

Na Ƙofar Mata:
Na gode ƙwarai, na ga inda na yi ta zuba ruwa a kwando. Amma har yanzu tambayata na nan, ni da ban san kowa a ciki ba sai ku da na sani a waya, ta ina zan fara? Abokaina na kusa duk irina ne, muna nan muna tura wa juna talla iri ɗaya.

Malamin Lissafi:
Ka faɗi abin da wani masani Mark Granovetter ya rubuta tun 1973, cewa aiki ya fi zuwa ta hannun wanda kuka san juna sama-sama fiye da aminin da kuke tare kullum, saboda amininka abin da ka sani shi ya sani. A 2022 an buga wani bincike a mujallar Science da aka yi da bayanan mutum miliyan 20 na LinkedIn cikin shekara biyar, ya nuna haka ɗin, sai dai ba baƙo ɗungurungum ba, na tsaka-tsaki, wanda kuke da 'yan mutane a tsakani. Ɗan ajinku na Jamus ɗin nan, kai ba ajinku ɗaya ba? Yaushe rabon da ka gaishe shi?

Na Ƙofar Mata:
Malam kunya nake ji, shekara uku ba mu yi magana ba sai yanzu da buƙata ta taso in faɗo masa.

Uwar Biyu:
Kunyar nan ita ke cin mu. Ni aikin da nake yi yanzu, wata mata 'yar Kenya ce ta saka ni, ba mu taɓa haɗuwa ba. A wani firojek na kyauta a GitHub, shafin da masu kod ke ajiye aikinsu, na gyara musu kurakurai guda huɗu cikin wata biyar, ita ke duba aikina tana dawo min da shi in sake, wani har sau uku, haushinta ma nake ji. Ranar da gurbi ya buɗe a wajensu ita ta fara min magana. Ta samu abin rubutawa a fom saboda ta ga hannuna, ta ga kuma yadda nake karɓar gyara. Mata ku duba Outreachy, maza da mata ku duba Google Summer of Code, shirye-shirye ne da ake biyan mutum ya yi aiki a irin waɗannan firojek ɗin, ba don kuɗin kawai ba, wanda ya yi wata uku yana duba kod ɗinka shi ne mai shaidarka gobe. Taron masu kod na DevFest ɗin da ake yi duk ƙarshen shekara ma ku daina zuwa don riga da hoto kawai.

Bakano a Dublin:
Kuma don Allah in za ku nemi a saka ku, ku san yadda ake nema. Akwatin saƙona cike yake da salam Yaya, sai shiru, na amsa, ya gida, na amsa, ya sanyi, kwana uku ana gaisuwa ba a zo maganar ba, ni kuma ina tsakanin mitin da mitin. Gaisuwa ɗaya ta isa, a saƙo guda ka sa adireshin gurbin, CV, da layi uku na abin da ka gina wanda ya dace da gurbin, yadda zan kwafa in gyara. Kar ka ce min duk aikin da ya samu, ba ni zan zaɓar maka ba. Mafi muhimmanci kar ka riga ka tura da kanka sannan ka zo, a wurare da yawa in takardarka ta riga ta shiga ba a iya liƙa mata rifaral daga baya. Google ma gurbi uku kawai take bari ka nema cikin kwana 30, kar ka ƙona su a banza. Kuma kar a saka ka kafin ka shirya, in ka faɗi intabiyu wata shida ne ko shekara kafin a sake sauraronka, abin da ya samu abokinka kenan.

Sarkin Musu:
Duk na ji, amma ban sauka ba. Yaro mai hannu da ke Gumel ko Nguru wanda bai san akwai gidan nan ba, wa zai gani ya shaide shi? Shi har abada yana ƙasan tulin da Anti ba ta kai kansa ba.

'Yar Tudun Wada:
Wannan kam ba ni da amsarsa Sarki, na bar irinsu da yawa a ƙasan tuli kuma na sani.

Na Ƙofar Mata:
Yaya toh bari in cire kunyar tun a nan. Akwai gurbi ɗaya a Dublin da na gani ban tura ba tukuna. Za ka saka ni?

Bakano a Dublin:
Yau a'a, don ban san aikinka ba, abin da na rubuta wa ɗan kawu shi zan rubuta maka. Turo min GitHub ɗinka ta bayan fage in duba cikin satin nan, ranar Asabar mu hau kira awa ɗaya in ba ka tambaya biyu irin waɗanda ake yi, ka warware kana magana ina kallo. Abin da na gani shi zan rubuta, in da saura kuma mu ƙara wasu Asabar ɗin. Ƙarfe 9 na dare agogon Kano, takwas kenan a nan tunda sanyi ya shigo an mayar da agogo baya.

Na Ƙofar Mata:
Na gode Yaya Allah Ya saka da alheri, yanzu zan turo.

Sabon Shiga:
Yaya ni ma ana iya shigowa a saurara ko da ba zan yi magana ba?

Bakano a Dublin:
In mai jarrabawar ya yarda. Kai kuma Na Ƙofar Mata ka cika laftof da caji tun rana, ba na karɓar uzurin an ɗauke wuta.